Shekarar da Turmin Inna Ya Yi Shiru

Mutanen da ke cikin wannan babi ba su da yawa, kuma zan fara da jera su, Ummi, domin kada ki ruɗe ranar da kika isa karanta shi. Akwai mahaifina, Alhaji Sale, mahauci ɗan mahauci, wanda kakansa ya zo Garwa da fatauci daga ƙasar Kano ya zauna bai koma ba. Kilishi ne sana'arsa, kuma Baba muke ce masa. Akwai mahaifiyata, wadda aka sa miki sunanta, abin da ya sa ba mai kiran ki da sunan yanka a gidanmu. Ita Inna muke ce mata. Akwai Goggo Dija, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Akwai Dudu, maƙwabciyarmu Bafulatana, matar Malam Bappa tela, aminiyar Inna tun ban zo duniya ba. Sai ni, Mahmudu, autan Inna, mahaifinki. Ta ƙarshe wata mata ce mai suna Helena, shugabata a wurin aiki, wadda har yau ban taɓa taka ƙasa ɗaya da ita ba.

Za ki tashi ki ji ana cewa kakarki ta bar sana'ar gyada ne saboda ciwon gwiwa. Ita ma haka take faɗi idan an tambaye ta. Gwiwar tana ciwo, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta tsayar da turmin ba. Ni na tsayar da shi, kuma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, tun ina tuna kowane abu a wurinsa.

Na dawo daga jami'ar Marwa da takardar lisans, wato digirin farko, a ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, bayan shekara uku a wani ɗan ɗaki a unguwar Domayo. Abin da na iya shi ne rubuta manhaja, wato tsara umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki. A Garwa ban sami ofishin da ke neman mai wannan sana'a ba, in ban da masu son a gyara musu injin buga takarda. Abokan karatuna sun gangara kudu, wasu Yawunde wasu Duwala. Ni kuwa wani labari ne ya tsaya mini a rai: wai mutum yana iya zama a garinsu ya yi wa kamfanin da ke wata nahiya aiki, aikin ya tafi ta intanet, ba wanda ya ga wani. Wata goma sha huɗu na yi ina neman irin wannan aiki. Kullum da safe sai in saɓa jakata in tafi wani shagon intanet kusa da babbar kasuwa, wanda mutane ke kira sibar, in zauna tsakanin masu buga takardun makaranta da masu kallon ƙwallo, in aika da takardar tarihin karatuna. Na tsara ta da Faransanci, na tsara ta da Ingilishi, na gyara ta har ba sauran waƙafin da bai zauna a wurinsa ba. Yawancin wuraren ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa kuwa amsarsu iri ɗaya ce, mai ladabi, mai sanyi, wadda kana karantawa ka san ba mutum ne ya rubuta ta ba.

Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma yana da tambaya ɗaya da yake yi mini idan mun fito masallaci da asuba.

"Mahmudu, mutanen nan naka na cikin waya sun amsa sallama kuwa?"

Sai in ce tukuna. Sai ya ce wuƙa tana nan a rataye duk ranar da na gaji da jira.

Dole in bayyana miki wani abu game da gidanmu, domin a kansa labarin ya rataya. Tun ina ɗan shekara bakwai ban san gidanmu da rana ba. A gidaje irin namu namiji yana karyawa ya fita, ba ya komawa ciki sai rana ta yi sanyi. Abincin rana ma a zaure ko a kasuwa yake iske shi. Ba wanda ya taɓa kafa mini wannan a matsayin doka, na dai tashi na tarar da shi. Na san Inna tana matse man gyada ta fitar da tunkuza, tana kuma haɗa yaji, waɗanda mahauta ke damawa su zama labu, wato kwaɓin gyadar da ake tsoma busasshen nama a ciki kafin ya zama kilishi. Na san ƙamshin suyar gyada da ke tarbar mu da yamma tun daga bakin layi. Amma yadda ake aikin, da su wa, a wane hali, ban taɓa tambaya ba. A wurina tsakar gida wuri ne da ake sharewa kafin in dawo.

Wata ranar Laraba aka ɗauke wuta a kasuwa tun da hantsi. Na jira har la'asar ba ta dawo ba, na koma gida da fuskar da na kasa ɓoyewa. Inna tana zaune a kan tabarma tana ƙulla yaji, matan da ke taya ta aiki sun riga sun watse. Ta dube ni ta ce in zauna. Ta ce fiye da shekara tana jin ana cewa ina aikawa, ina aikawa, ba ta taɓa tambayar abin da nake aikawa ba. Na bayyana mata cewa takarda ce mai faɗin makarantun da na yi da abubuwan da na iya. Sai ta ajiye ƙullin da ke hannunta.

"Wato gaya musu kake yi ka iya."

"E, Inna."

"Su kuma ba su taɓa ganin ka ba."

"Ba su taɓa ba."

"To, Auta, ko ni ce su, ba zan amsa ba."

Daga nan ta ba ni labarin wani mai kilishi a garin Kayele, Malam Hamadu, wanda ban taɓa jin sunansa ba sai ranar.

"Shekara goma sha tara yana sayen yajina. In ya shigo gidan nan yanzu ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Ka zaci saƙo na aika masa na ce na iya? Ƙulli ɗaya na ba goggonka ta kai wa direba a tasha, na ce a ba shi ya ɗanɗana, ba kuɗi. Wanda ba zai ga fuskarka ba, harshensa za ka nema. Kai me ka aika musu suka ɗanɗana?"

Na zauna ina kallon ta kamar a ranar na fara ganin ta. Abin da na ɗauka sabon al'ajabin zamani ne, wanda nake faɗi wa abokaina da dogon Faransanci, mahaifiyata ta shekara talatin tana yin sa daga kan tabarma, ba tare da ta wuce zaure ba. Ta lissafa mini mutanenta: huɗu a Garwa, biyu a Kayele, ɗaya a Tuboro, biyu a Marwa. Ta san wanda ke son barkono da zafi, ta san wanda kanumfari ke damun masu sayensa, ta san wanda matarsa ta haihu bara, duk ta bakin direbobi da Goggo Dija. Na tuna kilishin da nake saye a bakin titi a Domayo idan kewar gida ta kama ni, ina cewa ya yi kama da namu. Har yau ban sani ba ko yajin uwata nake ci a lokacin.

Washegari ban aika wa kowa takarda ba. Na shiga neman abin da zan ƙulla. Akwai kamfanonin da ke barin wani ɓangare na manhajarsu a buɗe, kowa ya karanta, wanda ya ga gyara ya kawo. Na sami wani ƙarami, mutum bakwai ne kacal a warwatse cikin ƙasashe huɗu, masu manhajar da likitocin dabbobi ke rubuta bayanan rigakafi a cikinta idan sun fita karkara. Na gwada ta a wayata, nan take na ga aibinta: idan layin intanet, wanda a nan muke ce wa rezo, ya yanke kana tsakiyar rubutu, duk abin da ka rubuta ya tafi. Waɗanda suka tsara ta suna zaune ne inda layi ba ya yankewa, ba su san wannan ciwo ba sai a labari. Ni kuwa a cikinsa na girma. Na yi mako uku ina rubuta gyaran da zai sa wayar ta riƙe bayanin a cikinta, ta jira, ta aika shi da kanta idan layi ya dawo. Gwaji bai ba ni wahala ba. Sai in hau babur in tsallake gadar Binuwai in nufi inda na san rezo yana mutuwa, in rubuta sunayen shanun ƙarya a ƙarƙashin wata tsamiya, in juyo in ga ko sun isa. Da na tabbata, na aika musu gyaran da layi uku na bayani. Ban ambaci lisans ba.

A kwana na huɗu amsa ta zo, kuma mutum ne ya rubuta ta. Helena ce. Ta ce sun daɗe suna ɗage wannan matsala, ta tambayi yadda na gwada gyaran. Na gaya mata babur da gada da tsamiya. Bayan mun yi magana sau biyu ta ce za su ɗauke ni gwaji na wata uku, in aikina ya gamsar da su in zama na takwas ɗinsu. Sharaɗin shi ne in kasance a kan layi daga safe zuwa la'asar, domin su biyu-biyu suke aiki, murya a buɗe, ɗaya yana rubutu ɗaya yana dubawa. Ina tsaye a ƙofar sibar na karanta saƙon, wata motar shanu tana wucewa, ƙura tana tashi. Abin da na rubuta a ƙarƙashin tsamiya ya ƙetare hamada da teku, ya sami wata mata a teburinta, ta karanta ta yarda da ni. Na daɗe ina tasbihi a zuciyata kafin in nufi gida.

Sai maganar wurin zama ta taso. Sibar ba zai yiwu ba, saboda hayaniya da ɗauke wuta. Zaurenmu cike yake da hayaƙi da rediyo da ma'aikatan Baba masu shanyar nama. Da na ambaci kama ɗaki a gari, Baba ya ce gwauro ba ya kama haya a garin da ubansa yake da gida, sai in yana da abin ɓoyewa. Ni ma a lokacin ba ni da halin hakan. Wuri ɗaya ne a gidan ke da wutar da ba ta ɗaukewa, ɗakin Inna, inda wani yayana da ke Duwala ya sa mata faifan hasken rana saboda fanka. Rezo ma ta tagarta ya fi shiga. Ban roƙe ta ba. Ita ce ta ce in kai teburina can, ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Goggo Dija. Na yi godiya kamar yadda ake godiyar ruwan sha, ban tambayi komai ba. Lokacin kuwa farkon kaka ne, sabuwar gyada ta fara shigowa kasuwa, watannin da Inna ke yin aikin da ke riƙe ta shekara guda.

A ranar farko muna tsakiyar ganawar safe, sai turmi biyu suka fara amsa wa juna a tsakar gida. Helena ta tambaya ko biki ake yi a garinmu, ta ce gangar tana da daɗi. Na yi dariya da su, amma kunya ta kama ni. Da yamma na roƙi Inna ko za a riƙa jinkirta daka har in gama ganawa. Ta ce to. Bayan kwana biyu na sake roƙon a rage hira kusa da taga. Ta ce to. Ina tuna wata rana na ɗaga kai na hangi Dudu ta taga, tana tsaye a gaban kaskon suya da mayafi lulluɓe har wuya, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana goge shi da gefen mayafin. Na ce a raina matar nan akwai kamun kai, na koma kan rubutuna.

Daga mako na biyu gidan ya yi tsit. Ba daka, ba dariya, sai kukan kurciya a kan darbejiya. A cikin wannan shirun na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Abokin aikina, wani dattijo da ke wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, yana nuna mini kuskurena ba tare da ya ƙasƙantar da ni ba, ni kuma ina nuna masa abin da waya mai arha ke yi idan zafi ya dake ta. Kowace Alhamis ake sakin sabon gyara, in ga layukan da na rubuta ranar Litinin sun shiga aljihun mutanen da ba zan taɓa sani ba. Na riƙa gode wa Allah da ya ba ni gida mai natsuwa. Wannan godiyar ce ta fi ba ni kunya idan na tuna.

Wata Juma'a Malam Bappa ya tare ni a hanyar masallaci. Muka gaisa da Fulatanci yadda ya kamata, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, sa'an nan ya juya Hausa ya ce ya ji labarin yanzu a cikin gida nake wuni, ko jikin ne ba daɗi. Na ce lafiyata ƙalau, aiki nake yi. Ya ce madalla, Allah ya taimaka, ya wuce. Na ɗauka kulawa ce ta maƙwabci.

Goggo Dija ce ta buɗe mini ido, a mako na bakwai. Ta kawo mini abincin rana ta ajiye, ba ta fita ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da ƙugu.

"Malam mai lisans, kai da ka ce kana gane kuskuren na'ura tun ba ta yi shi ba. Yaushe rabonka da jin ƙamshin gyada a gidan nan?"

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce matsar man gyada aikin zafi ne, a gaban wuta, da tafasasshen ruwa. Mata da ɗaurin ƙirji suke yin sa, su yi waƙa, su yi zancen da ba na kunnen namiji ba. Ta ce mijin Dudu da mazan sauran mata uku sun bar su suna zuwa gidanmu shekara da shekaru ne domin kowa ya san ba namiji a ciki daga safe zuwa la'asar. Yanzu ga ƙato ɗan shekara ashirin da shida a ɗakin da tagarsa ke kallon murhu. Sun jure mako guda da mayafi. Daga nan Malam Bappa ya ce Dudu ta dakata, sauran suka bi.

"Buhu shida na gyada suna jingine a ɗakina, ni da su muke kwana. Uwarka ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba. To, na gaya maka. Sai ta yi yadda za ta yi da ni."

Ban iya cin abincin ba. Da na rufe na'ura na sami Inna a gindin darbejiya, turmi biyu a kife kusa da ita. Na durƙusa na ce gobe zan kwashe kayana, zan koma sibar ko zaure, in ya so su kore ni. Ta bar ni na gama. Sa'an nan ta tambaye ni saura mako nawa. Na ce biyar. Ta tambaya ko a sibar zan iya yin aikin da nake yi a ɗakinta. Na so in yi mata ƙarya, na kasa.

"To, ka zauna inda kake. Ni na ce ka aika ɗanɗano. Sun ɗanɗana, sun ce a kawo. Wanda ya ce a kawo, ba a aika masa da abin da bai kai na farko ba. In ka tashi daga ɗakin nan, ni ka kunyata."

Na ce mata ai kakar za ta wuce. Ta ce ta ga kaka talatin, ta san yadda suke wucewa.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi wuyar faɗi. Ina da ikon ƙin maganarta. Da na dage, da na je na sami Malam Bappa na yi masa bayani, ko na rataya labule na toshe tagar da tabarma, ko na roƙi Baba ya sassauta a kan maganar haya. Wataƙila da ɗaya daga ciki ya yi aiki. Ban gwada ko ɗaya ba. Da ta ce in zauna, wani sauƙi ne ya sauka a ƙirjina, kuma ta ga saukarsa a fuskata. Na zaɓi aikin. Washegari da safe na kunna na'ura a kan lokaci.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. Malam Hamadu na Kayele ya jira mako biyu, sa'an nan ya aiko direba ya tambaya ko lafiya. Na Tuboro ma ya aiko. Inna ba za ta je ta zama 'yar aiki a tsakar gidan wata ba, kuma ba za ta bar mutanen da suka yarda da ita ba su gan ta ba su rasa labu a tsakiyar kasuwarsu. Sai ta aika aka kira Dudu wata ranar Lahadi da ba na aiki, na fita. Ta zaunar da ita, ta auna mata haɗin a gabanta, citta kaza, masoro kaza, kanumfari kaza, da wani abu guda da ko Goggo Dija ba ta taɓa sani ba. Ta sa aka kwashe buhunan gyada zuwa gidan Malam Bappa. Ta aika wa mutanenta tara cewa daga yau hannun Dudu hannunta ne. Goggo ta ce Dudu ta yi kuka tana cewa ba za ta karɓa ba, Inna ta ce mata ta share hawaye kada su shiga yajin.

A ƙarshen wata na uku Helena ta kira ni ita kaɗai ta ce sun yanke shawara tun makonni da suka wuce, na zama na takwas. Baba ya ce sai ya ga fuskar matar da ta ɗauki ɗansa ba ta gan shi ba. Ya sa babbar rigarsa ya zauna a gaban na'ura, ya gaishe ta da Hausa har da tambayar iyali da gajiya, ina fassarawa. Da muka gama ya ce ya shekara arba'in a kasuwar shanu bai taɓa ganin an sayi bijimi ba a taɓa shi ba. Mako guda yana gaya wa mahauta cewa ɗansa yana aiki a Turai yana kwana a Garwa. Game da labunsa, wanda yanzu daga gidan maƙwabci ake kawo masa, bai taɓa ce mini uffan ba.

Da aiki ya tabbata Baba ya janye maganar haya. Na kama ɗaki kusa da kasuwa, na sa masa faifan hasken rana, na mayar wa Inna ɗakinta, na ce tsakar gida ta koma tata. Amma kaka ta wuce. Dudu ta kafa nata murhun, matan uku suna wurinta, kuma Inna ba mai karɓe abin da ta bayar ba ce. Na ce zan saya mata injin niƙa, ta nemi sababbin mutane. Ta ce injin ba ya hira. Matan suna zuwa gaishe ta har yau, da mayafansu a kafaɗa, su zauna kaɗan su ce sun bar gyada a wuta.

Abu ɗaya ta nema a wurina. Wata yamma ta ce in nuna mata inda aikina yake zuwa. Na buɗe mata taswirar da ke nuna wuraren da ake amfani da manhajar, ɗigo-ɗigo a nahiyoyi uku. Ta matso da fuskarta, ta sa in karanta mata sunayen ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa a hankali. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗigo can nesa a bayan teku ta tambaya ko can ma akwai shanu, ko can ma rezo yana yankewa. Na ce akwai, yana yankewa. Ta tambaya ko gyaran nan na farko, na ƙarƙashin tsamiya, yana cikin wayar mutumin. Na ce yana ciki. Ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Ikon Allah. Ashe na wuce Kayele."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba sai yau. Idan kin girma kin ji ana maganar gwiwa, kada ki musa wa kakarki a gaban mutane. Ki dai san lissafin.

Kaka ɗaya. Buhun gyada shida. Masu saye tara, a garuruwa huɗu. Mata huɗu da ke cika tsakar gida daga safe zuwa la'asar. Sirrin yaji ɗaya, na shekara talatin. Turmi biyu, suna nan a kife a gindin darbejiya.